Yadda Birnin Seattle Ya Rasa Ƙungiyarsa Ta Ƙwallon Kwando

## Tushen lamarin, 1967 zuwa 1994

Seattle birni ne na bakin teku a jihar Washington, can arewa maso yammacin Amurka, kuma a 1967 ya samu gurbi a gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru da ake kira NBA. An sa wa ƙungiyar suna SuperSonics saboda a lokacin kamfanin Boeing, wanda dubban mutanen garin ke cin abinci a ƙarƙashinsa, yana aikin ƙera jirgin fasinja mai gudun da ya zarce na sauti. Majalisar dokokin ƙasar ta datse kuɗin aikin a 1971, jirgin bai taɓa tashi ba, amma ƙungiyar ta ci gaba da amsa sunan. A 1979 ta ɗauki kofin NBA bayan ta doke Washington Bullets da wasa huɗu da ɗaya a ƙarƙashin koci Lenny Wilkens, wanda ya sa ta zama abin tinƙahon garin.

Kafin a shiga bayanin matsalar, ya kamata mai karatu ya san tsarin gasar, domin a kansa komai ya ta'allaƙa. A NBA babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni, babu kuma hawowa daga can. Guraben ƙayyadaddu ne, talatin tun daga 2004, kuma kowane gurbi dukiya ce ta wani attajiri ko gungun masu hannun jari. Masu ƙungiyoyin su ne hukumar ƙoli ta gasar: su ke amincewa a sayar da ƙungiya, su ke amincewa ta yi ƙaura, su ke ɗaukar kwamishina aiki su biya shi albashi. Garin da ya rasa tasa ba shi da hanyar kafa wata ta faro daga ƙasa har ta kai sama. Wanda ya saba da gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, inda yawancin ƙungiyoyi ke hannun gwamnatocin jihohi, ba zai kawo a ransa cewa za a wayi gari wani ya sayi Kano Pillars ya kwashe ta zuwa Fatakwal ba. A NBA an saba da hakan. Grizzlies ta bar Vancouver zuwa Memphis a 2001, Hornets ta bar Charlotte zuwa New Orleans a 2002.

Zauren da SuperSonics ta fi yin wasa a ciki shi ne Seattle Center Coliseum, ginin hukumar birni da aka yi don bikin baje kolin duniya na 1962. Ginin ya tsufa da wuri. A Janairun 1986 sai da aka dakatar da wasanta da Phoenix Suns saboda rufin na yoyo, ruwan sama na ɗiga a kan dandalin wasa.

## Gyaran 1995 da yarjejeniyar haya

Mai ƙungiyar a lokacin, Barry Ackerley, ya yi yunƙurin gina zaure na kansa, abin bai yiwu ba, sai aka daidaita a kan yi wa tsohon ginin gyara tun daga tushe. Ƙungiyar ta yi kakar 1994–95 a garin Tacoma, sannan aka buɗe ginin a ƙarshen 1995 da sabon suna KeyArena, mai kujeru 17,072.

Hukumar birni ta ciyo bashin kimanin dala miliyan 74 ta hanyar sayar da takardun lamuni, ba tare da ta ɗora wa kowa sabon haraji ba. An tsara cewa za a riƙa biyan bashin daga kuɗin da zauren ke samarwa, musamman hayar ɗakunan alfarma da manyan kamfanoni ke kamawa don kallon wasa tare da baƙinsu, kuɗin da birni da ƙungiya za su riƙa rabawa. Ita kuma ƙungiyar ta sa hannu cewa a nan za ta buga wasanninta na gida har shekara 15, wato zuwa 2010. Da farko tsarin ya tafi daidai. A kakar 1995–96 Gary Payton da Shawn Kemp suka jagoranci ƙungiyar ta ci wasa 64, ta kai zagayen ƙarshe inda Chicago Bulls ta Michael Jordan ta doke ta da huɗu da biyu, kuma zauren cika yake yi maƙil.

Tun ba a je ko'ina ba abubuwa biyu suka sauya lissafin. Na farko, an buɗe sabon filin besbol na ƙungiyar Mariners a 1999, aka buɗe na Seahawks mai buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka a 2002, kuma dukansu suna da ɗakunan alfarma sababbi fil. Kamfanoni da yawa suka koma can, kuɗin da ake rabawa a KeyArena ya ragu, birni ya shiga cike giɓin bashi daga aljihunsa, ƙungiya kuma tana kukan cewa rabonta bai taka kara ya karya ba. Na biyu, yadda aka gina waɗannan filaye ya bar wa masu biyan haraji tabo. A Satumban 1995 masu zaɓe a gundumar King sun ƙi amincewa da harajin filin besbol da ɗan ƙaramin rinjaye, amma bayan 'yan makonni majalisar jiha ta samar da kuɗin ta wata hanya. Tsohon filin Kingdome kuwa an rushe shi a 2000 alhali ba a gama biyan bashinsa ba, sai a 2015 aka kammala.

## Zamanin Howard Schultz, 2001 zuwa 2006

A 2001 gungun masu hannun jari ƙarƙashin Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks, suka sayi SuperSonics haɗe da ƙungiyar mata ta Seattle Storm a kan dala miliyan 200. Schultz mutumin garin ne ta fuskar kasuwanci, kuma an karɓe shi hannu bibbiyu. Dangantakar ta fara tsami a Fabrairun 2003, lokacin da aka yi musayar Payton, wanda ya fi kowa farin jini a wurin magoya baya, da Ray Allen na Milwaukee. Allen gwani ne, har ƙungiyar ta ci wasa 52 a kakar 2004–05, sai dai wannan bai gyara lissafin kuɗi ba. A lokacin KeyArena ce mafi ƙarancin kujeru a gasar, kuma faɗin ginin bai wuce kusan rabin na sababbin zaurukan da ake ginawa ba, waɗanda ke da wuraren cin abinci da shaguna masu kawo kuɗi ko da ƙungiya ba ta cin wasa.

Schultz ya ce sun tafka asarar kimanin dala miliyan 60 cikin shekara biyar. A 2005 da 2006 ya je majalisar jiha a Olympia yana neman fiye da dala miliyan 200 na kuɗin jama'a don a sake faɗaɗa zauren, shekara goma kacal da gama gyaran farko. A Fabrairun 2006 kwamishinan NBA David Stern ya bayyana gaban 'yan majalisar da kansa, ya nuna musu cewa gasar ba za ta zauna inda ba a tallafa mata ba. Majalisar ba ta ba da ko sisi ba. Shugaban majalisar birni na lokacin, Nick Licata, ya ƙara dagula al'amura da ya ce amfanin ƙungiyar ga al'adun garin bai kai a ambata ba, maganar da ya nemi afuwa a kanta daga baya.

## Guguwar Katrina da cinikin 2006

Ana cikin wannan sai wani abu ya faru a kudancin ƙasar da ba wanda ya sa shi a lissafi. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta yi wa New Orleans mummunar ɓarna, ƙungiyar Hornets ta rasa wurin wasa. Birnin Oklahoma City yana da zaure mai suna Ford Center da aka buɗe a 2002, wanda aka gina da harajin senti ɗaya a kan kowace dala ta saye da mazauna suka amince da shi tun 1993, kuma babu babbar ƙungiya a cikinsa. Hornets ta yi kaka biyu a can, kuma a kakar farko matsakaicin 'yan kallo ya haura 18,000 a kowane wasa. Garin da ake ganin ya yi wa NBA ƙanƙanta, wanda ke kusan na 45 a jerin kasuwannin talabijin na Amurka alhali Seattle na kusan na 14, ya nuna cewa zai iya riƙe ƙungiya.

Ɗaya daga cikin attajiran da suka tsaya wa Hornets a Oklahoma shi ne Clay Bennett, wanda ya taɓa zama cikin masu San Antonio Spurs, don haka ba baƙo ba ne ga Stern. A ranar 18 ga Yulin 2006 Schultz ya sanar da sayar da SuperSonics da Storm ga kamfanin Bennett da abokansa, dukansu 'yan Oklahoma, a kan dala miliyan 350. An sanya sharaɗi a rubuce cewa masu saye za su yi shekara guda suna ƙoƙari da zuciya ɗaya don a samu sabon zaure a yankin Seattle. Ba a sanya sharaɗin da ya hana su ƙaura ba.

## Shekarar ƙoƙari, 2006 zuwa 2007

A Nuwamban 2006 masu zaɓe a Seattle suka amince da wata doka mai lamba 91 da kusan kashi 74 cikin ɗari. Dokar ta ce birni ba zai sa kuɗinsa a filin wasa na ƙwararru ba sai in zai samu ribar da ta kai ta takardun lamunin gwamnatin tarayya masu wa'adin shekara 30. Ganin haka, Bennett ya kai buƙatarsa wajen iyakar birni. A farkon 2007 ya gabatar da shirin zaure na kimanin dala miliyan 500 a garin Renton, wanda dala miliyan 300 a ciki zai fito daga harajin jama'a. Majalisar jiha ta tashi a Afrilu ba ta ko kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

A watan Yuni ƙungiyar ta ɗauki matashin ɗan wasa Kevin Durant a matsayi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa, ta kuma rabu da Ray Allen, sannan a Yuli ta rabu da Rashard Lewis, manyan 'yan wasanta biyu. Sabon manaja Sam Presti ya ce gini ake yi daga tushe, kuma abin da ya faru daga baya ya gaskata shi, amma ga mutanen Seattle sakamakon nan take shi ne ƙungiya mai shan kashi a zaure mai guraben kujeru. A Agusta ɗaya daga cikin abokan Bennett, Aubrey McClendon, ya gaya wa wata jaridar Oklahoma cewa ba su sayi ƙungiyar don su bar ta a Seattle ba. NBA ta ci shi tarar dala 250,000. A Satumba Bennett ya nemi a kai batun hayar gaban masu sasantawa domin ya biya kuɗi ya fita, hukumar birni kuma ta garzaya kotu tana neman a tilasta wa ƙungiyar ta cika wa'adinta. A ranar 2 ga Nuwamba Bennett ya sanar da NBA cewa yana neman izinin ƙaura. A cikin watan ne Stern ya je Oklahoma ya gabatar da Bennett a bikin karrama fitattun 'yan jihar.

## Kotu da sulhu, 2008

A Janairu aka sayar da Storm ga wasu mata huɗu 'yan kasuwar Seattle a kan dala miliyan 10, ta tsira daga ƙaura. A Fabrairu Bennett ya yi wa birni tayin dala miliyan 26.5 don a sake shi, aka ƙi. A ranar 4 ga Maris masu zaɓe a Oklahoma City suka amince da tsawaita harajin senti ɗaya don tara kimanin dala miliyan 120 na gyaran Ford Center da gina wurin atisaye, majalisar jiharsu kuma ta ƙara wa ƙungiyar rangwamen haraji.

A wannan watan ne tayin da ya fi kowane ma'ana ya fito a Seattle. Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, tare da wasu attajirai uku, suka ce za su sayi ƙungiyar su kuma biya dala miliyan 150, rabin kuɗin gyaran KeyArena da aka ƙiyasta a miliyan 300. Birni ya yarda da miliyan 75. Saura miliyan 75 da ke buƙatar izinin majalisar jiha, wadda ta tashi ba ta ce uffan ba. Wa'adin tayin ya ƙare a ranar 10 ga Afrilu. Ko da an samu kuɗin ma, Bennett ya riga ya ce ƙungiyar ba ta sayarwa ba ce.

A Afrilun dai lauyoyin birni suka fito da wasiƙun imel da masu ƙungiyar suka yi wa juna shekara guda kafin nan, a tsakiyar lokacin da ya kamata a ce suna ƙoƙari da zuciya ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Tom Ward, ya tambaya ko akwai hanyar kai ƙungiyar Oklahoma a kaka mai zuwa, ko kuwa sai sun sake zaman banza a Seattle. Bennett ya amsa cewa shi abin ya riga ya shiga ransa kuma zai yi duk abin da zai iya. Da aka tambaye shi daga baya, ya ce abin da ya shiga ransa shi ne barin ƙungiyar a Seattle. Schultz ya dogara da waɗannan wasiƙu ya shigar da ƙara yana neman a warware cinikin, sai dai ya janye ta a ƙarshen Agusta.

Wasan gida na ƙarshe ya kasance ranar 13 ga Afrilu da Dallas Mavericks. Payton ya zo kallo. A mintunan ƙarshe 'yan kallo suka miƙe tsaye suna rera kiran a ceto musu ƙungiyarsu, Durant, mai shekara 19 a lokacin, yana ɗaga hannuwansa yana ƙara zuga su. Sun ci 99 da 95, a kakar da suka ci wasa 20 aka cinye su 62. Bayan kwana biyar hukumar ƙolin NBA ta amince da ƙaurar da ƙuri'a 28 da 2. Paul Allen na Portland da Mark Cuban na Dallas ne kaɗai suka ƙi. An yanka wa Bennett dala miliyan 30 kuɗin ƙaura, wanda sauran masu ƙungiyoyi za su raba.

Shari'ar ta fara ranar 16 ga Yuni a kotun tarayya gaban Mai shari'a Marsha Pechman, aka yi kwana shida ana sauraren shaidu. Tambayar da ke gaban kotu ita ce ko kuɗi zai iya maye gurbin kaka biyu da suka rage. A nan kowane ɓangare ya ɗauki hujjar da ya saba ƙaryatawa. Birnin da ya yi shekaru yana cewa ƙungiyar ba ta cancanci tallafi ba ya koma yana cewa amfaninta ya wuce a kimanta shi da kuɗi. Masu ƙungiyar da suka nemi dala miliyan 300 a Renton suka kawo masanin tattalin arziki ya shaida cewa tafiyarta ba za ta rage wa garin komai ba, domin kuɗin da mutane ke kashewa a kallon wasa za su kashe shi a wani nishaɗin a cikin garin. Lauyoyin Bennett kuma suka fito da wata takarda da ke nuna cewa wasu na kusa da ɓangaren birni sun tsara yin amfani da shari'ar don a matsa masa da asara har ya sayar, abin da ya raunana matsayin birnin.

A ranar 2 ga Yuli, saura sa'o'i a yanke hukunci, magajin gari Greg Nickels ya sanar da sulhu. Bennett zai biya dala miliyan 45 nan take. Zai ƙara miliyan 30 idan majalisar jiha ta amince da kuɗin gyaran KeyArena kafin ƙarshen 2009 kuma aka yi shekara biyar Seattle bai samu ƙungiya ba. Sunan SuperSonics da launukanta za su zauna a Seattle, kofin 1979 da tutocin girmamawa kuma aka ajiye su a gidan tarihi na garin. Majalisar ba ta amince da komai ba a 2009, don haka miliyan 30 ɗin ta bi ruwa. Nickels ya faɗi zaɓen share fage a Agustan shekarar. Russell Westbrook, wanda aka ɗauka kwana shida kafin sulhun ya kuma sa hular SuperSonics a daren, bai taɓa buga mata wasa ba.

## Yunƙurin ɗauko ta wani gari, 2012 zuwa 2016

A 2012, shekarar da ƙungiyar, wadda yanzu ake kira Oklahoma City Thunder, ta kai zagayen ƙarshe, wani mai zuba jari da ya tashi a Seattle, Chris Hansen, ya daidaita da birni da gunduma a kan sabon zaure a unguwar SoDo, da rancen jama'a har dala miliyan 200 da za a biya daga kuɗin zauren. A Janairun 2013 shi da Ballmer suka ƙulla cinikin sayen kashi 65 na Sacramento Kings daga iyalan Maloof, a kan ƙimar dala miliyan 525, daga baya suka ɗaga ta zuwa miliyan 625. Magajin garin Sacramento na lokacin, Kevin Johnson, tsohon ɗan wasan NBA ne. Ya haɗo masu saye na gida ƙarƙashin Vivek Ranadivé, ya kuma samo alƙawarin fiye da dala miliyan 250 na kuɗin birni don sabon zaure. Kwamitin ƙaura na NBA, wanda Clay Bennett ke shugabanta a lokacin, ya ba da shawarar a ƙi, kuma a ranar 15 ga Mayu hukumar ƙoli ta ƙi da ƙuri'a 22 da 8, duk da cewa tayin Seattle ya fi tsoka.

Ballmer ya gaji da jira ya sayi Los Angeles Clippers a 2014 a kan dala biliyan 2. A Mayun 2016 majalisar birnin Seattle ta ƙi rufe wani yanki na titin da zauren Hansen ke buƙata, da ƙuri'a 5 da 4, saboda ƙorafin tashar jiragen ruwa game da cunkoson manyan motoci. Shirin bai sake farfaɗowa ba.

## Sabon zaure, 2017 zuwa 2021

Birni ya sauya salo. Maimakon ya ba da kuɗi, sai ya sa tsohon ginin a kasuwa ya nemi wanda zai sake gina shi da kuɗinsa a madadin hayar dogon zango. A Disamban 2017 majalisar birni ta amince da kamfanin Oak View Group. Da yake rufin 1962 yana cikin kayan tarihi da doka ta kare, sai aka tallabe shi da ginshiƙan wucin gadi, aka rushe duk abin da ke ƙarƙashinsa, aka haƙa ƙasa aka gina sabon zaure mai kusan ninkin faɗin na da. Kuɗin ya kai dala biliyan 1.15, kuma 'yan kasuwa ne suka biya. An buɗe shi a Oktoban 2021 da sunan Climate Pledge Arena, bayan Amazon ta sayi haƙƙin raɗa suna. Gasar hoki ta kan ƙanƙara ta ba Seattle sabon gurbi a kan dala miliyan 650, ƙungiyar Kraken ta tare a ciki, Storm ma ta dawo.

## Talabijin da caca, 2014 zuwa 2025

A wannan tsakani darajar ƙungiyoyi ta yi tashin gwauron zabo, kuma caca na da hannu a ciki. A zamanin rikicin Seattle, NBA na gudun caca. Stern ya daɗe yana ƙin kai ƙungiya Las Vegas saboda gidajen cacar can suna karɓar caca a kan wasannin gasar, kuma a 2007 aka kama alƙalin wasa Tim Donaghy da hannu a caca a kan wasannin da yake hurawa. Magajin Stern, Adam Silver, ya fito a 2014 ya nemi a halatta caca a kan wasanni a kuma sa mata ido. A ranar 14 ga Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta ta, kuma cikin 'yan watanni NBA ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin gidajen caca na MGM. Jihar Washington ta halatta ta a 2020 amma a gidajen caca na ƙabilun 'yan asalin ƙasar kaɗai. Abin bai zo ba tare da illa ba, domin a 2024 an kori ɗan wasa Jontay Porter har abada saboda ya yi maguɗi a wasannin da ake caca a kai.

Tasirin wannan ga Seattle ta fuska biyu ne. Las Vegas, wadda a da ba a sa ta a lissafi, ta zama garin da ake ambata tare da Seattle duk lokacin da aka tayar da zancen ƙara guraben gasar. Sannan tallan kamfanonin caca da masu kallon da caca ke riƙewa gaban allo sun shiga cikin abin da gidajen talabijin ke saye. A 2024 NBA ta sa hannu a yarjejeniyar shekara 11 ta kimanin dala biliyan 76 da Disney da NBC da Amazon. A 2025 aka sayar da Boston Celtics a kan ƙimar dala biliyan 6.1.

A Oklahoma kuwa, a Disamban 2023 masu zaɓe suka amince da kusan kashi 71 cikin ɗari a gina sabon zaure na aƙalla dala miliyan 900, wanda masu ƙungiyar za su sa miliyan 50 kawai. A Yunin 2025 Thunder ta ɗauki kofi bayan ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai. A kundin NBA wannan shi ne kofi na biyu na gurbin, a wurin mutanen Oklahoma na farko ne, mutanen Seattle kuma ba su yarda a haɗa musu 1979 da shi ba. Har ƙarshen kakar 2024–25 Seattle bai samu ƙungiya ba.

## Abin da lamarin ya nuna

A ganina masu zaɓen Seattle ba su yi kuskure a lissafin kuɗi ba. Masanin da Bennett ya kawo kotu ya faɗi abin da yawancin masu binciken tattalin arzikin wasanni suka daɗe suna faɗa, kuma zauren 2021 ya tabbatar da cewa gari mai arziki irin wannan zai iya samun gini na zamani ba tare da ya biya kuɗin ginin ba. Abin da ya sa wannan hanya ta yi aiki shi ne birni ya ba da abin da yake da shi wanda 'yan kasuwa ke so, wato fili a tsakiyar gari da kasuwar da ke da masu sayen tikiti, kuma kamfanin ya gina lissafinsa a kan kiɗe-kiɗe da hoki, bai jira NBA ba.

Kurakuran suna wani wuri. Yarjejeniyar 1995 ta rataya bashin birni da ribar ƙungiya a kan kuɗin ɗakunan alfarma, sannan jihar da kanta ta taimaka aka gina filaye biyu da suka kwashe masu kama ɗakunan. Schultz ya sayar wa mutanen da ke da zaure a shirye a garinsu, ya kuma dogara da sharaɗin niyya, abin da ke da wuyar tabbatarwa a kotu. Majalisar jiha ta yi wa tayin Ballmer na miliyan 75 kallon da ta yi wa buƙatar Renton ta miliyan 300, alhali ba ɗaya ba ne. Sulhun 2008 shi ne ya fi wuyar yanke wa hukunci, domin ba tabbas birni zai yi nasara, kuma ko ya yi, kaka biyu kawai zai samu. Duk da haka, waɗannan kaka biyu su ne abu ɗaya da ke hannunsa wanda Bennett da Stern ke buƙata, kuma ya rabu da su ba tare da ya karɓi alƙawarin sabon gurbi a rubuce ba, alhali Charlotte ta samu sabuwar ƙungiya a 2004, shekara biyu bayan tafiyar Hornets.

Ƙuri'un 2008 da 2013 sun tafi a kan ƙa'ida guda: garin da ya sa kuɗin jama'a a zaure shi ya samu ƙungiya, ko da kasuwarsa ta fi ƙanƙanta, ko da tayin abokin hamayyarsa ya fi yawa. Zaman Seattle babu ƙungiya ya amfani masu gasar, domin duk birnin da ya yi jinkirin gina zaure ana iya nuna masa inda ƙungiyarsa za ta koma. Sababbin gurabe biyu kuma, na Seattle da na Las Vegas, suna nufin a raba kuɗin talabijin gida 32 maimakon 30, don haka sai kuɗin shiga ya rufe wannan giɓi kafin su yarda. Ƙungiyar da aka sayar dala miliyan 350 a 2006, duk wanda zai maido irinta Seattle zai biya biliyoyin daloli, kuma masu ƙungiyoyi talatin ne za su raba kuɗin, ciki har da Clay Bennett da abokansa.